Ranar da Nei Torika Ta Raka Mu Tashar Jirgi

"Bayan ka hura matatar man fa, sai me?" in ji Nei Torika.

Na ce sai in mayar da ita in ɗaure.

"Sai me?"

Na ce sai in goge fulogi, in taɓa kan batir in ji ko ya yi sako-sako.

"Sai me? Kada ka tsallake mini komai, Ilaitia. Ko gindin kwakwa ka zagaya ka kama ruwa, faɗa mini."

Matan da ke loda gwaza a bayan motar suka tuntsire da dariya. Ni dai na sunkuyar da kai na ci gaba. Na ce daga nan sai in karyo kara in buɗe tanki in zura, don allurar mai ta daɗe da mutuwa, in ga ko man ne ya ƙare. Kullum kuma sai in tarar da shi dam. Sai in rufe, in yi addu'a, in murɗa makulli, motar ta tashi garau kamar ba ita ba. In mun ɗan taɓa tafiya ta sake mutuwa, in sake komawa kan matatar man.

Ta tambaye ni ko addu'ar kafin karan take zuwa ko bayansa. Na ce bayansa. Ta gyaɗa kai, ta kurɓi shayinta na ganyen lemo.

Da safe ne, a ƙofar gidan kawuna Apakuki, wanda nake kira Momo, a ƙauyenmu da ke bayan tsibirin Taveuni. A hannunsa na tashi, kuma ni nake tuƙa masa tsohuwar akori-kurarsa. Jirgin ruwan da ke zuwa daga Suva, babban birninmu, ya iso jiya, yau da la'asar zai koma, mu kuma mun riga mun tuge gwaza mun ɗaure dami-dami. Ita ce ragowar abin da guguwar bana ta bar mana a gonar tudu. Kashin farko mun tuge shi wancan zuwan jirgin, motar ta yi ta mutuwa a hanya, muka isa tasha muna hango hayaƙinsa a teku. Gwaza kuwa ba ta jiran kowa. Muka dawo da ita tana wari, aladu suka yi biki. In wannan ma ta rasa jirgi, to bana gidan Momo da gidajen matan nan da suka haɗa kaya da mu sun yi noman banza.

Momo yana zaune a tabarma yana jin tambayoyin nan, haƙurinsa ya ƙare.

"Ka ga abin da Allah ya tsame ni daga ciki, Ilaitia? Da na aure ta, da kullum safiya sai na ba da labarin mafarkina daki-daki kafin a ba ni shayi."

"Da ka aure ni, taubashi, da yanzu kana da haƙora," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba.

Haka suke tun kafin a haife ni. Ɗan mace da 'yar namiji ne, wasa ya halatta a tsakaninsu, kuma ban taɓa ganin ranar da Momo ya ci ta ba. Ni kuma Nei nake ce mata, wato goggo.

Mahaifinta shi ne mai kula da injin wani ƙaramin jirgi da ke kwasar busasshiyar kwakwa tsakanin tsibirai. Bai samu ɗa namiji ba, uwarta kuma ta rasu da wuri, don haka a ɗakin inji Torika ta girma, tana miƙa masa sufana tun ba ta iya karanta lambar da ke jiki ba. Ƙarar injin ce ta cinye mata kunnen hagu. Shi ya sa in kana mata magana sai ta karkato maka na dama, kamar kazar da ta ji motsi a ciyawa. Ta yi aure a tsibirin Vanua Levu, ta haifi 'ya'ya mata, mijin ya rasu, ta dawo gida da keken ɗinki da akwatin ƙarfen mahaifinta. Ba ta taɓa kafa allo a ƙofarta ba. Amma injin kwale-kwale, da injin yankan ciyawa, da janareton coci, da keken ɗinkin matar fasto, duk a ƙarƙashin bishiyar mangwaronta suke kwana in sun yi ciwo. Wani ya kawo mata kifi, wani ya nome mata rogo. Ran Asabar da yamma za ka gan ta a bakin ruwa tana cuɗa hannu da yashi da man kwakwa, don kada baƙin mai ya bi ta cikin 'yan waƙar coci ran Lahadi.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne tambaya. Ba ta ɗaukar sufana sai ta gaji da kai. Takan ce mahaifinta ya gaya mata inji bai iya ƙarya ba amma bai iya magana ba, mai inji kuwa ya iya magana amma mantuwa ta yi masa yawa, don haka sai an yi ta tono. Da tana nan tun farko da ban sha wahalar da na sha ba. Ta tafi Suva wankan jegon 'yarta kafin guguwa, sai a jirgin jiya ta dawo. Kafin ta dawo na canja fulogi, na wanke kafireta har sau ba adadi, na ari kwayil a ƙauyen gaba na gwada. Duk a banza.

Ta tambaye ni yaushe ciwon ya fara. Na ce bayan guguwa. Ta tambaya ko da sanyin safiya yake zuwa ko sai inji ya yi zafi, na ce ba ruwansa da wannan. Ko a gangara ko a hawa? Na ce duka, amma ya fi son hawa. Ko fitilu suna ɗaukewa in ta mutu? Na ce a'a. Farat ɗaya take mutuwa ko sai ta yi tari? Na ce sai ta yi tari, ta riƙa ja da baya kamar an riƙe mata wutsiya, in taka totur in ji wayam. Sai ta tambayi abin da ban taɓa kawowa a raina ba: ran da tanki ke cike da ran da yake rabi, yaushe ta fi mutuwa? Na tuna baya. Ranar jirgi, da na cika shi har baki don kada mu tsaya, ranar ce ta fi wulaƙanta mu. Yau ma na cika shi.

Momo ya ce duk wannan ɓata baki ne, kowa ya san abin da ke damun motar. A kufan kakanninmu take fara mutuwa, kullum a nan. Bayan guguwa itatuwa sun toshe hanya, muka ratsa da mota ta gefen kufan ba tare da mun gaida masu wurin ba. Ya ɗaga wani ƙunshi da ke gefensa, saiwar yangona ce mai kyau, wadda a wajenmu ake miƙa wa manya in za a yi gaisuwa ko neman afuwa, an naɗe ta da takarda an ɗaure da zare. Ya ce yau zai gyara motarsa da kansa.

Na zaci Nei Torika za ta yi masa dariya. Sai ta ce gaisuwa ba ta taɓa ɓata tafiya ba, ya riƙo abinsa. Ta miƙe ta karkaɗe doguwar rigarta, ta ce mu tafi. Na ce ba za ta buɗe bonet ba? Ta ce ba a duba mara lafiya lokacin da yake dariya, tana so ta gan ta a cikin ciwon. Na kalli rana, na kalli gwaza. Ko akwatin ƙarfen ba ta ɗauko ba.

Mu uku muka shiga gaba. Ta zauna a tsakiya ta tuɓe takalmi ta ɗora tafin ƙafarta a kan ƙarfen ƙasan motar, kunnenta mai ji yana wajena, mataccen yana wajen Momo. Ta ce da gangan ta zaɓi wurin. Matan suka hau kan gwaza a baya da laimominsu.

Momo bai taɓa koyon tuƙi ba. Masassaƙin kwale-kwale ne, irin waɗanda suka kusa ƙarewa a gaɓarmu, kuma da babban kwale-kwale ya yi musayar motar nan a wajen wani Ba'indiye mai kanti tun ina goye. Jirgin tudu yake ce mata. Yana wanke ta yadda ake wanke kwale-kwale, yana shafa jikinta yana neman tsaga. A hanya ya yi ta ba Nei Torika labarin yadda ya tsare ta ranar guguwa, ya ɗaure ta da igiya a jikin itatuwa huɗu, rufin coci ya tashi amma ita ko gezau. Nei Torika ta ce da ya ɗaure bakinsa haka da an huta. Amma na lura ta juyo da kunnenta mai ji ta saurare shi.

Muka wuce gonakin kwakwa da guguwa ta yi wa aski, muka haye gadar katako, muka fara hawan kufai. A nan motar ta soma. Tari ɗaya, biyu, ta ja da baya, na taka totur na ji babu kowa a gida. Na samu na raɓa da ita gefe, ta yi shiru. Daga bayan motar na ji wata cikin matan tana cewa a hankali, ga shi nan, a daidai wurin.

Hannuna ya kai ga marfin ƙofa zan yi wajen bonet, Nei Torika ta riƙe mini gwiwar hannu.

"Kada ka taɓa komai." Sannan ta juya wajen Momo. "Taubashi, manya ne gaba. Je ka yi gaisuwarka."

Momo ya sauka ya gyara zaninsa, ya ɗauki ƙunshin da hannu biyu ya nufi tushen tsofaffin gidajen da ciyawa ta rufe. Matan suka sauko suka naɗe laimomi suka bi shi, suka zazzauna a ƙasa nesa kaɗan. Da suka ba mu baya, ta ja ni muka zagaya ɗaya gefen motar. Ta durƙusa ta manna kunnen dama a jikin murfin tanki, ta ce in murɗa a hankali, kamar mai buɗe tukunyar da ba tasa ba.

Na murɗa. Tankin ya ja wani dogon numfashi, fuuu, irin na mai nutso da ya daɗe a ƙasan ruwa ya taso. Har ƙarfen ya yi ƙara yana komawa daidai. Na sha jin wannan sautin, amma kullum hankalina yana kan kara da mai, ban taɓa tsayawa na saurara ba.

Ta karɓi murfin ta juya shi a tafin hannunta. Ta ce mini kowane tanki yana da hanci, ɗan rami kamar na allura a murfi. In fanfo yana zuƙe mai, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba haka ba sai ya zama kamar mai shan ruwan kwakwa ta huda ɗaya ya manne baki: tun yana samu har ya daina. In tanki a cike yake, iskar ciki kaɗan ce, shi ya sa take saurin shaƙewa, shi ya sa kuma daga gida zuwa kufai ne iyakar numfashinta. Buɗe tankin da nake yi don zura kara ne yake tada ta kullum, ba hura matatar mai ba.

Ta kankare tsakiyar murfin da farce ta shinshina, sannan ta miƙo mini. Inda ramin ya kamata ya kasance, wani abu ne ja-ja mai sheƙi, an shafe shi sumul, ya bi jikin ƙarfen kamar tare aka ƙera su. Ƙaron itacen uto ne, wanda ake liƙe kwale-kwale da shi. Mutum ɗaya ne a gaɓarmu yake shafe ƙaro haka da babban yatsa. Nan take na tuna jajibirin guguwa, Momo yana zagaya gida da ƙoƙon kwakwa cike da ƙaro mai ɗumi, yana toshe duk wata kafa da idonsa ya gani, a durom, a taga, a jikin mota. A wajen masassaƙin kwale-kwale, rami ƙofar mutuwa ne.

Na buɗe baki, ta girgiza mini kai. Ta zare fil daga wuyan rigarta ta soka a hankali tana juyawa har ya ɓulla, ta hura, ta ɗaga murfin sama ta hango rana ta ciki. Ta mayar ta ɗaure. Daga nan ta je ta zauna a bayan matan ta sunkuyar da kai, ni ma na bi ta. Momo yana magana da kakanni cikin muryar da ba ya yi mana magana da ita, yana ba su haƙuri, yana gaya musu gwazar jikokinsu ce a mota. Da ya gama ya tafa hannu, duk muka tafa, har da ita.

Murɗa ɗaya motar ta tashi.

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa gani ba. Momo ya samu Nei Torika a hannu, bai kuwa tausaya mata ba. Ya ce ina bakanikiyar Suva, ko bonet ba ta buɗe ba. Ya ce a sayar da akwatin ƙarfen a sayi yangona. Ya leƙa ta taga ya gaya wa matan, suka yi ta shewa suna kiran sunanta. Matar da ba a taɓa kayar da ita a wasa ba ta naɗe hannu tana kallon hanya, abin da kawai ta ce shi ne, "Yau taka ce, taubashi." Amma tafin ƙafarta yana nan a kan ƙarfe, kuma duk hawan da muka tunkara sai in ji ta ɗan daina numfashi har mu haye. Ni ma haka. Muka wuce inda ta mutu mana karo na biyu wancan zuwan, muka wuce na uku. A babban hawan ƙarshe na sa giya ta ɗaya, motar ta yi gurnani ta hau kamar budurwa. Muna kaiwa ƙoli muka hango jirgin a tasha, ƙofar bayansa a buɗe, ana ta shiga da kaya. Muna gangarowa ya busa ƙahon farko.

Ba mu tsaya gaisawa da kowa ba. Matan suka yi layi, dami yana bin hannu, har Nei Torika ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta shiga. Mai karɓar kaya ya fasa gwaza ɗaya ya ga cikinta fari tas, ya ce a wuce da ita. Sai da damin ƙarshe ya shige na samu wuri na zauna.

Matan suka tafi kasuwa sayen sukari da sabulu. Muka rage mu uku a inuwar motar. Na zaci maganar ta mutu ke nan, amma Nei Torika ta san wanda ya toshe rami sau ɗaya zai sake, ran da idonsa ya kai. Ta kwance murfin ta miƙa wa Momo, ta ce tana da aiki da sai shi. Tana so ya sassaƙa wa murfin nan hula da ƙoƙon kwakwa, wadda za ta kare ruwan sama amma ta bar iska ta shiga ta ƙasa. Ta ce kwale-kwale in yana da rami nutsewa yake, tanki kuwa in ba shi da rami shaƙewa yake.

Momo ya karɓa. Ya ga sabuwar hudar, ya ga ɓurɓushin ƙaro a gefenta. Ya ɗora babban yatsansa a wurin, ya yi daidai da shafar. Jirgin ya busa ƙaho na biyu.

"Ashe yatsan nan ne ya ciyar da aladu," in ji shi.

"Yatsan nan ne ya hana ruwa shiga," in ji ta. "Tun da na sauka jiya injuna nawa aka jere mini a gindin mangwaro, kowanne tankinsa rabi mai rabi ruwan guguwa. Naka ne kaɗai ko ɗigo babu. Liƙin ba shi da laifi, cirewar aka manta."

Ya tambaye ta gaisuwar da ya yi a kufai fa. Ta ce ta daɗe da kamata, kuma ita ba ta ga wanda ya ce ba a karɓa ba, tunda ga gwaza a jirgi. Ya riƙa juya murfin a hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, me ya hana ta faɗa a gaban matan, alhali ya yi ta yanka ta tun daga kufai.

"In na kashe ka yau, wa zan tsokana gobe?"

Momo ya yi dariyar da ta nuna dasashinsa duka, ya goge ido da gefen zani. Ya ce hular za ta fi murfin kyau. Ya kuwa cika alkawari. Tana nan a kan tankin har yau, ƙoƙon kwakwa mai sheƙi da zanen kifi a jiki, kuma in baƙi suka tambaya sai ya ce ado ne. A ƙauye har gobe cewa ake yangonar Momo ce ta gyara motar. Da na nemi izinin rubuta wannan, shi ne ya ce in rubuta duka, ita ce ta ce in bari.

Muna nan tsaye wani masunci ya zo da igiyar inji a hannu, ya rusuna ya gaishe ta. Ya ce tun safe yake ja, injin kwale-kwalensa ya ƙi, ga kifi yana jiran ƙanƙara. Na ce mata ko shayi ba ta sha ba tun na safe, ta bari mu ci wani abu tukuna. Ta ce mu ci, kada mu jira ta, za ta samu mai kai ta gida ta ruwa in injin ya tashi. Ta ɗauki takalminta a hannu, ta karkata wa masuncin kunnen dama, suka gangara bakin ruwa. Ina jiyo ta tana tambayarsa, kafin ya fara jan igiyar, me ya fara yi.